UWARGIDA, WAYARKI TANA IYA TA DA TSOHUWA DAGA KWANCE

Uwargida, ke ce mai goyo, ke ce kuma mai jinyar tsofaffin gida. In ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama iya, ko baba, ko surukarki, aiki bai ƙare ba don an sallamo su daga asibiti. Gaɓar da ba a motsa ta sandarewa take yi. Kwanciya wuri guda kuma ita ke kawo gyambon baya.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Mun san zuwa sashen gashin ƙashi kowane mako da wuya: ga nisa, ga kuɗin mota. A 2020 masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara bincike 22 a kan masu wannan ciwo. Sun gwada waɗanda aka koya wa motsa jiki daga nesa, ta waya ko bidiyo, da waɗanda aka koya wa ido da ido. Ba su ga wani bambanci ba wajen iya hidimar yau da kullum, kamar cin abinci da sa tufafi. Watau waya tana rage zirga-zirga. Amma fa ba ta zama likita ba.

GA YADDA ZA KI YI

1. Ki kai ta asibiti tukuna, likitan gashi ya duba ta. Shi zai zaɓi motsin da ya dace da ita.
2. Ki nemi izninsa ki ɗauki bidiyo sa'ad da yake nunawa. A gida ki bi shi daki-daki.
3. Ki sa waya ta yi ƙara lokacin motsa jiki da lokacin shan maganin hawan jini.
4. In ba ta iya juyawa da kanta, ki juya ta bayan kowace awa 2.
5. Ranar da aka ce ku koma, lalle ku koma.

KADA!

Kada ki ja ta ta hannun da ya shanye, kafaɗa tana iya gocewa.
Kada ki gasa mata ɓarin da ruwan zafi ko garwashi. Wataƙila ba ta jin zafin, sai ta ƙone.
Kada ki bi kowane bidiyo da aka turo miki, kada ki sayi magani don kin ga tallarsa a waya.

GWAJIN KUJERA

Tsohon da ke tafiya da ƙafarsa ma a gwada shi. Ya zauna a kujera mai ƙarfi, ya rungume hannuwansa, ya tashi ya zauna sau 5. Ki tsaya kusa, ki duba agogon waya. In ya wuce daƙiƙa 14, ko ya kasa, ki gaya wa malamin asibiti. Wannan gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya ne.

MAZA ASIBITI!

In baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a jira gari ya waye.

Ki tuna, sannu ba ta hana zuwa. Hannun da ya riƙe cokali yau, gobe shi zai riƙe jika.