Filin Shawara: Wa ya ɓoye mini shafi?

 Ni matar aure ce a Garwa. Turaren wuta da humra nake sayarwa ta waya: in ɗora hoto, a yi mini magana, a turo kuɗi, mai babur ya kai. Lokacin hargitsin bayan zaɓe wani ya turo mini bidiyon wani yaro kwance cikin jini, na ɗora a shafina, na rubuta addu'a a ƙasa. Aka sauke shi, aka aiko mini gargaɗi da Faransanci. Tun daga ranar kasuwa ta mutu. Hoton da ɗaruruwa ke gani yanzu sai 'yan tsiraru. Maigida ya ce gwamnati ce ta sa mini ido, ƙawata ta ce kishiya ce ta kai ƙarata. An ma nuna mini wani yaro mai buɗe shafi a kan jaka goma. Yaya zan yi?

Mai turare, Garwa

'Yata, ki ƙulle jaka gomanki a bakin zane tukuna. Yaron nan ba shi da kowa a kamfanin. Kalmar sirrinki zai nema, da lambar da za a turo miki ta saƙo, ki wayi gari shafin ya zama nasa yana roƙon kuɗi da sunanki.

Ita ma kishiya ki sauke mata wannan laifin, in da wasu ku ji da su. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya faɗa da bakinsa cewa yawan masu kai ƙara ba shi ke sa a sauke abu ba, kuma mafi yawan hotunan jini na'ura ce ke tsinto su tun kafin wani ya yi magana. Ita jinin ta gani, ta ga yaro. Addu'arki ba ta shiga lissafinta ba. Ina ma za ta gane rubutunmu na Garwa, layi ɗaya Hausa, Fillanci da Faransanci a cakuɗe? Takardun cikin gidan Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa a lokacin kashi 87 cikin ɗari na ƙoƙarin da Facebook ke yi wajen tantance labaran ƙarya a kan Amurka yake ƙarewa, sauran duniya ta raba 13. A Oktoban 2020 Instagram ya riƙa lika wa hotunan zanga-zangar EndSARS ta Najeriya tambarin ƙarya, daga baya ya ba da haƙuri. Mutanen da aka ɗauka su duba rubutun Hausa da idonsu kuwa, a Nairobi aka zaunar da su a ƙarƙashin ɗan kwangila, aka sallame su a 2023, fiye da 180 cikin ma'aikatan suka tafi kotu.

Abin da ya same ki kamar sarkin kasuwa ne ya ɗauke rumfarki daga bakin ƙofa ya kai ta lungu. Ba a kore ki ba, amma sai wanda ya san ki zai iso. Shafin da aka yi wa gargaɗi akan daina tura shi gaban waɗanda ba sa bin sa, su ne kuwa sababbin masu saye. Kada kuma ki manta wane lokaci ne: bayan zaɓen 12 ga Oktoban 2025 intanet ɗin kanta ta yi ta tangal-tangal a Kamaru, Garwa kuma na cikin zullumi. Wa ke tunanin humra a makon?

Ki shiga saitunan shafin, akwai inda ake nuna matsayinsa da laifin da aka rubuta masa. Ki nemi a sake dubawa, da gajeren bayani cikin Faransanci, kyauta ne. A ƙa'idar Meta irin wannan tabon yakan goge bayan shekara ɗaya. Kafin nan ki tattara lambobin masu sayenki a littafi, na takarda nake nufi, ki riƙa sanar da su sabon kaya kai tsaye. Shafin ciniki daban, na faɗin albarkacin baki daban.

Sauke bidiyon nan bai yi mini daɗi ba, don irinsa ne ke zama shaida ranar da wani zai ce ba a taɓa kowa ba. Amma yaron nan yana da uwa, wataƙila ma tana cikin masu sayen turarenki. Addu'a tana isa ba tare da hotonsa ba.

*

Hajiya, ɗana ɗan shekara 22 shi ke shugabantar wani zauren WhatsApp na abokan karatunsa. Duk abin da aka turo sai ya tura gaba, har muryoyin zagin ƙabila. In na yi magana ya ce 'yancinsa ne, kuma saƙonnin a kulle suke, ba mai gani.

Uba mai damuwa, Marwa

Malam, damuwarka ta fi ta mai turare nauyi. Kamfani shafi yake ɓoyewa, hukuma mutum take ɗaukewa.

Kullen da yake taƙama da shi a hanya yake tsare saƙo, tsakanin waya da waya. Ba ya hana ɗan zaure ɗaukar hoton allo, ba ya hana jandarma cewa buɗe wayarka. Dokar laifukan intanet ta Kamaru ta 21 ga Disamban 2010, a sashe na 78, ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun, ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Ka lura, wanda ya yaɗa. “Turo mini aka yi” ba ta fid da mutum. Tun Disamban 2019 kuma cin zarafin ƙabila laifi ne mai ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu.

Ka ba shi labarin Fomusoh Ivo Feh, wanda kotun soja a Yawunde ta yanke wa shekara 10 a 2016, shi da abokansa biyu, a kan saƙon barkwanci cewa ko Boko Haram ba ta ɗaukar wanda bai ci jarrabawa ba. Ahmed Abba kuwa ba sai an ba ku labari ba, a nan Marwa aka kama shi a Yulin 2015 yana wakilin sashen Hausa na RFI, bai shaƙi iskar waje ba sai Disamban 2017.

Ba kare waɗannan dokoki nake yi ba. Bakinsu ya yi faɗi ƙwarai, kuma ƙasar da ta yanke wa yankunan masu Ingilishi intanet wata uku a 2017 ba ta da bakin yi wa yaro wa'azin amana. Shi ya sa ba zan ce ka rufe masa baki ba. Saurayin da ke ganin halin da arewa ke ciki dole ya yi magana, in ka hana shi ma zaure kawai zai sauya. Ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ya soki aikin mai mulki da hujja. Zagin ƙabilar wani kuwa, ko babu doka bai dace da ɗan gidan mutunci ba.

Ka kira shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. Ka sa ya nuna maka yadda mai zaure ke goge saƙon wani, da yadda ake mai da zauren sai shugabanni ke iya rubutu a ranakun da gari ya yi zafi. Ya iya, tambayarsa kawai ba a yi ba.