Zaɓen Ƙaramar Kwamfuta da Cajarta Domin Rumbun Waƙoƙi na Gida

Rumbun waƙoƙi na gida kwamfuta ce guda da ake ajiyewa a lungu tana kunne dare da rana, an tara mata duk waƙoƙin gidan a faifai ɗaya, tana aika su ta rauta zuwa sifikar falo ko wayar hannu ko talabijin. Da zarar an gama saita ta, ba ta buƙatar allo ko madannai. Da waya ake sarrafa ta. Tana da amfani ga wanda ya tara faya-fayan CD, ko ya kwafe tsofaffin kaset na Shata da Ɗan Maraya, ko yake da tarin karatu da tafsiri da yake so kowa a gidan ya samu ba tare da sayen data ba.

Aikin da ake ɗora wa irin wannan kwamfuta ba shi da nauyi, kuma rashin sanin haka ne ke sa mutane asarar kuɗi. Sautin faifan CD yana tafiya ne a kan kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato kusan megabait 10 a minti ɗaya. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse shi zuwa wajen rabi ba tare da an rasa komai na sautin ba. Ko fayil mai inganci na bit 24 da kilohaz 192 bai kai megabit 10 a daƙiƙa ba, alhali tsohuwar wayar sadarwa ta gida tana ɗaukar megabit 100. Sayen ƙatuwar kwamfutar tebur domin wannan aiki daidai yake da hayar tirela domin dakon buhu guda. Ga kuma cin wuta: na'urar da ke jan wat 10 tana cin yunit 7.2 a wata a mita, mai jan wat 60 kuwa fiye da yunit 43.

Manhajar da za a yi amfani da ita ce ke yanke hukuncin irin kwamfutar da za a saya, saboda haka ita ake fara zaɓa. Volumio da moOde da piCorePlayer da Navidrome, da Lyrion wanda a da ake kira Logitech Media Server, duk suna tafiya lafiya a kan Raspberry Pi. Roon dabam take: kuɗi ake biya, kuma babban ɓangarenta ba ya hawa kan Pi, sai kwamfuta mai injin Intel ko AMD, ko kuma Mac. Haka nan wanda yake son rumbun ya riƙa sarrafa sauti, ko ya haɗa da finafinai ta Plex ko Jellyfin, yana buƙatar abin da ya fi Pi ƙarfi.

Raspberry Pi, wanda aka fara fitarwa a Ingila a 2012, bai wuce girman katin banki da yawa ba. Domin waƙa zalla, Pi 4 na 2019 ya wadatar, ko da mai RAM gigabait 2 ne: yana da ƙofofin USB 3 guda biyu, kuma hanyar sadarwarsa ba ta cunkushe da ta USB kamar yadda take a Pi 3 ba. Pi 5 na 2023 ya fi shi sauri nesa, amma ya fi zafi, ya fi cin wuta, kuma an cire masa ramin sauti na milimita 3.5. Cirewar ba wata babbar asara ba ce, domin sautin ramin can dama ba abin a zo a gani ba ne. Mai son sauti mai kyau yana haɗa DAC, na'urar da ke mayar da lambobi su zama sauti, ta USB ko a ɗora shi a kan allon Pi ɗin.

Sama da Pi akwai ƙananan kwamfutoci irin su NUC, wadda Intel ta daina yi a 2023 kamfanin ASUS ya karɓa, da masu injin Intel N100 da suka cika kasuwa tun daga waccan shekarar. Akwai kuma zaɓin da ake rainawa, wato kwamfutocin ofis na hannu kamar Lenovo ThinkCentre Tiny da Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini. Girmansu wajen lita ɗaya ne, an gina su domin aikin yini cur, kuma suna zuwa da gida da wurin faifai. Idan aka lissafa kuɗin Pi da gidansa da caja da faifai, sau da yawa ta hannun ba ta fi shi tsada ba. Aibinsu fanka. A falo mai shiru ana jin ta, kuma tana zuƙo ƙurar hunturu, sai an riƙa buɗewa ana hurewa. Marasa fanka kuma zafi ne abokin gabarsu: Pi yana rage gudu da kansa idan injinsa ya kai digiri 80, abin da ba shi da wuya a watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai idan an kulle shi a kabad ɗaya da amfilifaya. Gidan alminiyom da sarari mai iska sun isa magani.

Wurin ajiya kuwa, SSD ya fi: ba ƙara, ba girgiza, ba ya jan wuta da yawa. Terabait ɗaya yana ɗaukar faya-fayan CD fiye da dubu biyu a tsarin FLAC.

Sai batun caja. Da yawa daga cikin na'urorin da ake kawo wa masu gyara da ƙorafin cewa waƙa tana yankewa, ko faifai yana ɓacewa ya dawo, ko kwamfuta tana sake kunna kanta, lafiyarsu ƙalau. Caja ce ba ta ba su abin da suke buƙata. Ƙa'idar ba ta da wuya. Bolt ɗin caja dole ya zama daidai da wanda aka rubuta a jikin na'ura. Amfiya za ta iya fin abin da aka rubuta, domin na'ura iya bukatarta take ja, amma kada ta gaza. Sannan a duba kan cajar, domin masu faɗin milimita 5.5 kala biyu ne, mai rami 2.1 da mai 2.5, kuma a tabbatar tsakiyarsa ne ke ɗauke da alamar tarawa idan haka na'urar ke so.

Pi 4 yana son bolt 5.1 da amfiya 3. Pi 5 kuma cajarsa ta asali mai wat 27 ce, tana ba da amfiya 5. A nan cajar waya ke yaudarar mutane. Wadda aka rubuta wa wat 33 tana kai wannan adadi ne ta hanyar ɗaga bolt sama da 5. A kan bolt 5 abin da take bayarwa ba ya wuce amfiya 2 ko 3. Idan Pi 5 ya ga caja mai amfiya 3, sai ya taƙaita ƙofofinsa na USB zuwa miliyamfiya 600, alhali ƙaramin faifai mai juyawa yana iya neman kusan amfiya 1 lokacin tashi. Igiyar ma tana da nata laifin. Siririya mai tsawo tana iya shanye rabin bolt a hanya, kuma da zarar wuta ta sauka ƙasa da bolt 4.63 Pi zai fara gargaɗi. Kwamfutocin Dell na hannu suna da tasu ɗabi'ar: akwai ƙaramin tsinke a tsakiyar kan cajarsu da ke gabatar da ita ga kwamfutar, idan ba ta gane cajar ba sai ta rage gudun injinta. Wanda zai sayi ta hannu ya nace a haɗa masa da cajarta ta asali. Araha ba ta ado.

Akwai muhawarar da ta daɗe tsakanin masu son sauti a kan caja mai taransifoma, mai nauyi da tsada, da ake cewa tana ba da wuta mai tsabta, da kuma ƙaramar caja ta zamani. Gaskiya ne taransifoma ba ta da irin hayaniyar da caja maras kyau ke fitarwa, kuma hakan na iya amfanar DAC da sauran sassan da ke riƙe da sautin kansa. Amma rumbun da ke wani ɗaki yana aika lambobi ne ta rauta, ana duba su idan sun isa, kuma ƙofofin wayar sadarwa suna da abin da ke raba wutar na'urorin biyu. Kashe kuɗi mai yawa a kan cajar wannan rumbu ba shi da hujja mai ƙarfi. A inda wuta ke hawa da sauka ma, ta zamanin ce ta fi: tana karɓar komai daga bolt 100 zuwa 240, yayin da mai taransifoma ke gazawa idan wuta ta yi ƙasa, tana gurnani a kan inbata mai araha, kuma wadda aka yi domin bolt 120 na Amurka za ta ƙone a kan 230 na Najeriya. Gurnanin da ake ji a sifika kuwa yawanci daga haɗa na'urori a soket dabam-dabam yake zuwa. A tara su a soket ɗaya, ko a yi amfani da igiyar haske ta Toslink.

Ɗauke wuta ba zato shi ne ya fi komai lalata irin wannan rumbu, musamman Pi, domin idan wuta ta tafi yana cikin rubutu a katin memori, katin na iya rikicewa ya ƙi tashi. Ƙaramin UPS irin na rauta mai fitar da bolt ɗin da ya dace yana magance wannan, ya kuma riƙe rumbun da rautar a lokacin da ake juyawa zuwa janareta. Ba kowane fawabank ke yin wannan aiki ba, domin da yawansu suna yanke wuta na ɗan lokaci idan aka sa su ko aka cire su daga caji. piCorePlayer tana da fifiko a nan, saboda tana ɗora kanta gaba ɗaya a ma'adanar RAM, ba ta rubutu a kati sai an umarce ta.

Ga gidan da waƙa kawai yake so, Pi 4 da cajarsa ta asali da SSD da ƙaramin UPS sun isa. Mai son Roon ko finafinai ya nemi N100 ko kwamfutar ofis ta hannu. Ko wanne aka zaɓa, a kwafe waƙoƙin a faifai na biyu a ajiye shi a aljihun tebur, ba a jone da wuta ba.