Tazargade da Maleriya: Me Ya Sa Dafa Ganyen Bai Wadatar Ba?

Damina na sauka, sauro zai cika hostel, sai ka ji ana cewa "kai dai a dafa maka tazargade". Maganar tana da tushe, amma akwai gyara.

Tazargade suna ne da muke kiran tsirran Artemisia, 'yan dangin Asteraceae, dangi ɗaya da shuwaka da latas. Alamar dangin nan tana ga fure: abin da ido ke gani kamar fure guda, tarin ƙananan furanni ne a kan kai ɗaya. 'Yan SLT, ku riƙe wannan, yana fitowa a jarrabawa.

Nau'in da ya yi suna, Artemisia annua, a ƙasar Sin aka gano sirrinsa. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa shirin neman maganin maleriya saboda sojojin da cutar ke kayarwa a yaƙin Biyetnam. Wata masaniya, Tu Youyou, ta ga sakamakon gwajin ganyen yana hawa yana sauka. Sai ta lura wani littafin magani na ƙarni na 4 jiƙawa ya ce a yi a matse, bai ce a dafa ba. Ta bar zafin wuta, ta tatso sinadarin da ether, a 1972 aka ware artemisinin. Wannan aiki ya ba ta kyautar Nobel a 2015.

To ga matsalar shayin. Artemisinin ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma yawansa ya bambanta daga wannan ganye zuwa wancan, balle wanda ya daɗe a buhun mai magani. Kofin da ka sha, ba ka san awonsa ba. Sannan sinadarin ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan awoyi ya fice. Shi ya sa a ƙwayar ACT ake haɗa shi da wani magani mai daɗewa, irin su lumefantrine, a sha na kwana 3.

Awon da bai kai ba yana sauke zazzaɓi, ka ɗauka ka warke, alhali ƙwayoyin cutar masu taurin kai suna nan. A Ruwanda da Yuganda an riga an ga waɗanda suka fara jure wa artemisinin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a yi maganin maleriya da shayin ganyen ba.

In jiki ya yi zafi, je kilinik a yi gwaji. In maleriya ce, shanye ƙwayoyin duka, ko da ka ji sauƙi tun rana ta biyu.