Allurar Uwa, Garkuwar Jariri

Jama'ar Mutum Biyu da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Gassol, da ’yan ƙasa baki ɗaya, a saurara.

Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira RSV. Ga yawancin manya mura ce kawai, amma ga jariri takan toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana hallaka yara kimanin 100,000 kowace shekara, kusan rabinsu ba su kai wata shida ba.

Yaya za a kare jaririn da jikinsa bai yi ƙwari ba? Ta jikin uwarsa. Idan aka yi wa mai ciki allura, jininta yakan haɗa garkuwa, garkuwar ta bi ta mabiyiya ta shiga jikin ɗan. Haka allurar sarƙe-haƙora da ake yi wajen awon ciki take aiki.

A 2025 Hukumar ta ba da shawara a yi wa mai ciki allurar RSV sau ɗaya, daga mako na 28 zuwa sama.

Saboda haka:

1. Maigida ya bar iyalinsa su je awo da wuri, su tambayi ma'aikatan lafiya batun wannan allura.
2. A nisanta jariri daga hayaƙi da masu mura.
3. In yana haki, ko awazunsa na shiga ciki, ko ya ƙi nono, a garzaya asibiti, kada a jira gobe.

Rigakafi ya fi magani.