Kafin Tafki Ya Daskare: Ajiyar Injin Kwale-kwale a Manitoba

Wanda ya taso a bakin ruwa, ko Yawuri ko Baga, ya san injin kwale-kwale ba ya hutu. Rani da damina yana kan aiki, in ya tsaya to lalacewa ya yi. A Manitoba ta ƙasar Kanada ba haka abin yake ba. Tafkin Winnipeg yakan fara daskarewa a watan Nuwamba, ba ya sakin ƙanƙara sai wajen Mayu. Kusan wata shida ke nan injin yana zaune, kuma a wannan zaman ne yake yin mummunar lalacewa. 'Yan'uwanmu da dama sun sayi ɗan jirgi na hannu don kamun kifi a Gimli ko Selkirk, kuma ba kasafai mai sayarwa yake yi musu wannan bayani ba.

Mutanen nan sukan fitar da jiragensu daga ruwa wajen hutun godiya na Kanada, wato Litinin ta biyu a watan Oktoba. Ka bi sahunsu. Kada ka jira dusar ƙanƙara ta sauka, domin dare ɗaya na sanyi mai tsanani ya isa ya yi ɓarna. Idan ruwa ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ƙarfe kuwa ba ya buɗa masa hanya, sai dai ya tsage. A Janairu sanyin Winnipeg yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri.

Da mai za ka fara. Fetur ɗin gidajen mai na nan yawanci gauraye yake da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, shi kuwa yana jan danshi daga iska. In ya daɗe a tanki sai ruwa ya kwanta a ƙasa, ragowar kuma ya yi danƙo ya toshe kafireto. Maganinsa wani ruwa ne da ake zubawa don kada mai ya lalace, irin su STA-BIL, ana samunsa a kantunan Canadian Tire. Ka cika tankin ya kusa baki, ka zuba gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar, sannan ka tayar da injin na minti 10 zuwa 15 don maganin ya zagaya ko'ina.

A nan sai an kula. Ba a tayar da injin jirgi babu ruwa, ko na ɗan lokaci kaɗan ne. Akwai wata 'yar farfelar roba a cikinsa da take tura ruwan sanyaya inji, in ta juya a bushe nan take take ƙonewa. Ana sayar da wasu faifan roba guda biyu da ake maƙalawa a kan ƙofofin shan ruwa na ƙasan injin, a haɗa su da tiyon famfo. Ka fara buɗe famfo, sannan ka tayar, ka tabbata ruwa yana tsartuwa ta ɗan ramin baya. Kuma a fili za ka yi wannan aiki. Hayaƙin inji a rufaffen gareji yana kisa, gubar da ke cikinsa ba ta da wari balle mutum ya ankara.

Kafin ka kashe injin, sai man feshi na ajiya, wanda ake kira fogin. Ana fesa shi ta bakin kafireto har injin ya yi hayaƙi ya sarƙe, sannan a cire fulogogi a ƙara fesa kaɗan a kowace silinda, don kada tsatsa ta kama ciki. Sababbin injina marasa kafireto suna da tasu hanyar, sai ka duba littafin da ya zo da naka, ko Yamaha ne ko Mercury ko Honda. In injinka mai baƙin mai daban ne, ba wanda ake gauraya masa a fetur ba, ka juye tsohon man tun yana da ɗumi, ka sake mataci.

Yanzu ga aikin da a ganina ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa: man giya na ƙasan inji, inda farfela take. Sukurori biyu ne a gefensa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ka ajiye roba a ƙarƙashi, ka kwance na ƙasa, sannan na sama, ka tsaya ka kalli abin da yake fitowa. Lafiyayyen mai launin zuma ne ko ya ɗan yi duhu. Idan ka ga ya fito fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara, ruwa ya shiga, wato robar da ke tare shi ta mutu. Wannan ruwan ne yake daskarewa ya fasa gidan giya, gyaran da zai iya cin kuɗin da ya kusa na injin na hannu. Ka kai wa makanike tun yanzu, lokacin da layi bai yi tsawo ba. Ka kuma shafa kan sukurun ƙasa da yatsa: ɗan garin ƙarfe mai laushi ba komai, amma ɓarɓashi mai kaifi alamar haƙoran giya suna cin juna ne. Wajen zuba sabo, ta ramin ƙasa ake tura shi har sai ya ɓullo ta na sama. Ka ɗaure na sama tukuna, sannan na ƙasa, kowanne da sabuwar washa.

Ka cire farfela ka duba bayanta. Sau da yawa zaren fatsa ne yake nannaɗewa a sandar, ya yi ta cin robar har ya yanke ta. Ka warware shi, ka shafa giris, ka mayar.

Injin a tsaye ake ajiye shi, ƙafarsa tana kallon ƙasa, domin a haka ne ruwan cikinsa yake tsiyayewa da kansa. In ka bar shi a ɗage, ruwa zai taru a wajen farfela. Shi ma jirgin a cire masa matoshin baya, a ɗaga gabansa kaɗan, a rufe shi da tamfol yadda iska za ta riƙa shiga. Batir kuwa ka cire shi, ka cika masa caji, ka ajiye a busasshen wuri, kana ƙara masa caji jefi-jefi, don wanda cajinsa ya yi ƙasa shi yake saurin daskarewa. Kada ka bar ko ɓurɓushin abinci a ciki, ɓeraye na neman mafaka kuma suna cin waya.

Tsohon mai ba a zubar da shi a kwata ko a ƙasa, akwai wuraren karɓarsa kyauta. Tun 2013 aka gano wata ƙaramar katantanwa mai yaɗuwa a Tafkin Winnipeg, shi ya sa doka ta wajabta a wanke jirgi, a tsiyaye shi, a busar kafin a kai shi wani ruwan.

Ɗan'uwa, in wannan ne hunturunka na farko da jirgi, ka nemi maƙwabcin da ya saba, ka roƙe shi ya tsaya tare da kai ku yi aikin a yini guda. In ba ka samu ba, ka biya makanike kafin Oktoba ta ƙare.