Kyamarar mota: kafin ka dubi idonta, dubi inda za ta sha wuta

Duk direban da ke bin kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Caduwa, Agye, Gazawa da Tasawa ta nufi Damagaram, ko yake sauka daga kwalta ya kama burji zuwa Baudeta da ƙauyukan kewayenta, ya san yadda gardamar hatsari take. Amalanken shanu ya hau hanya bayan magariba ba fitila ba alama, ɗan kabu-kabu ya ɓullo daga bayan babbar mota, garken awaki ya tsallaka ranar kasuwa. Kafin jandarma su iso su auna hanya su rubuta takarda, fasinjoji sun watse, kowa ya gyara labarinsa, wanda ya fi baki ko ya fi dangi a wurin shi ake saurara. Takardar nan kuwa ita kamfanin inshora zai duba, ita za ta je gaban alƙali idan magana ta yi nisa. Shi ya sa 'yar kyamarar da ake mannawa a gilashin gaba ta fara shiga ran masu motoci, musamman wanda ya yi sabuwa, ko dal daga kamfani ko wadda ta sauka a tashar jirgin ruwan Lome ko Kwatano. Ina goyon bayan sayenta, kuma mai sauƙin kuɗi ta isa. Sai dai a matsayina na mai gyaran wutar mota ina ganin yawancin masu saye suna tambayar abu biyu kawai, nawa ce, kuma hotonta ya fita? Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce: a daƙiƙar da aka yi karo, kyamarar tana aiki, kuma ta iya adana abin da ta gani? Amsar tana hannun zafin rana da katin memori da hanyar da aka ba ta wuta, kuma can ya kamata kuɗi da hankali su tafi.

Mu fara da zafi, don shi ne babban makashin kyamara a ƙasarmu. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a jihar Maraɗi yakan haura digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana kuwa, saman dashbod ɗinta yakan wuce digiri 70. A wannan murhun kyamara ke yini. Masu araha da yawa suna ɗauke da ƙaramin batirin lithiyam irin na wayar hannu, wanda ba a yi shi don ya jure fiye da wajen digiri 60 ba. Bazara ɗaya ko biyu sai ya kumbura kamar fanke, ya tura murfin kyamarar ya buɗe, wani lokaci ya zama barazanar gobara. Mai mota yakan ce ba komai, ai daga mota take shan wuta. A nan kuskuren yake. Aikin wannan ɗan batirin shi ne ya riƙe kyamara na 'yan daƙiƙu bayan wutar mota ta yanke, har ta rufe bidiyon ƙarshe ta adana shi. A karo mai ƙarfi wuta takan yanke nan take, waya ta fisge ko kan batirin mota ya kwance. Idan batirin cikin kyamarar ya riga ya mutu, duk bidiyon tafiyar yana nan lafiya, ban da na mintin ƙarshe, wato na hatsarin kansa. Saboda haka a nemi wadda aka sa wa kwandansa mai tara wuta, da ake kira sufakafasita, maimakon batir. Ita ba ta kumbura, ta fi jure zafi, kuma aikinta ke nan, rufe bidiyon ƙarshe. Viofo A119 misali ce ta irin wannan a sahun masu sauƙin kuɗi, amma ko a cikin kamfani ɗaya akan samu mai batir da mai kwandansa, don haka a karanta kwali. Maƙalin ma a zaɓi mai gam, domin mai tsotsar gilashi yakan saki idan rana ta buɗe.

Sai katin memori. Kyamara tana ɗaukar bidiyo guntu-guntu, na minti 1, 3 ko 5, idan kati ya cika ta goge mafi tsufa ta rubuta sabo a kansa, haka kullum ba hutu. Katin waya na yau da kullum bai saba da wannan wahala ba, ga kuma na jabu da suka cika kasuwa, an rubuta giga 128 a jiki alhali cikinsa bai kai kwata ba. Akwai katunan da aka yi musamman don wannan aiki, irin su SanDisk High Endurance da Samsung PRO Endurance. Bidiyo mai ƙarfin 1080 yakan ci wajen giga 6 a awa, ke nan kati mai giga 64 zai riƙe tafiyar awa goma ko kusa da haka, ya ishi mai zuwa Maraɗi ya dawo. Wani abu kuma da littafin kyamara ba zai gaya maka ba, don ba a rubuta shi da hanyoyinmu a zuciya ba: a cikinta akwai ma'aunin girgiza da ke kulle bidiyo idan ya ji duka, don kada a goge shi. A kwaltar Turai wannan dabara ce mai kyau. A burjinmu mai gargada, kowane rami karo ne a wurinsa. Cikin 'yan kwanaki sai kati ya cika da kullallun bidiyon ramuka, kyamara ta rasa inda za ta rubuta, ta tsaya, fitilarta kuwa tana nan a kunne kamar ba abin da ya faru. Magani shi ne a sauke ma'aunin zuwa mataki mafi ƙasa tun ranar farko.

Batun kyan hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Abin nema shi ne a iya karanta lambar motar gaba da rana, a kuma gane abin da ya shigo hanya da dare. Kyamara mai 1080 ko 1440 ta gaskiya, mai idon Sony STARVIS, ta fi wadda aka rubuta wa 4K a kwali aka sayar da kuɗin cefane, domin irin wannan ƙaramin hoto ne aka hura shi ya yi girma.

Yanzu ga wuta, inda aikinmu yake. Hanya mafi sauƙi ita ce soket ɗin kunna taba, da cajar da ta zo tare da kyamarar, wadda ke sauke bolt 12 na mota zuwa bolt 5. A yawancin motocin Toyota wannan soket yana mutuwa da zarar an kashe kontak, yana dawowa idan an kunna, kyamara ta tashi da kanta ta kwanta da kanta. Wasu motocin kuwa soket ɗinsu ba ya mutuwa, kuma gwajin ba shi da wuya: zare makulli, kulle mota, jira 'yan mintuna, leƙa ta gilashi ka ga ko fitilar caja tana ci. Ramin USB na jikin rediyo kada a dogara da shi, sau da yawa rabin amfiya yake bayarwa, kyamara kuwa tana son ɗaya zuwa biyu, sai ta riƙa mutuwa tana tashi a hanya. Aibin soket ɗaya ne, kuma na ɗabi'a ne: ɗan rakiya ya zare cajar ya sa wayarsa, aka manta ba a mayar ba. Ga mai mota shi kaɗai da ke kwana cikin gida mai katanga, ni soket nake ba da shawara, da ɗan mahaɗi mai baki biyu don masu cajin waya.

Inda ake shiga matsala shi ne idan mai mota ya ce yana son kyamara ta yi gadi ko mota tana ajiye. Bari mu yi lissafi. Kyamara a yanayin gadi takan ja kusan kashi uku cikin goma na amfiya. A awa 24 wannan ya kai amfiya-awa 7, a kwana uku ya haura 20. Batirin ƙaramar mota yakan ɗauki amfiya-awa 45 zuwa 60, kuma an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, ba ya son a riƙa tatsarsa zuwa rabi. Kowace tatsa tana rage masa kwana, zafi ma yana cin nasa kason. Motar da ke fita daga gida zuwa kasuwa ta dawo ba ta ba dinamo lokacin mayar da abin da aka sha. Ƙarshenta wata safiya a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas, kuma mota mai giya otomatik ba ta tashi da turi, sai an nemo wata mota ko wani batir, abin da ba kullum yake kusa ba a ƙauye. Wanda lallai yake buƙatar gadi, kamar mai barin mota a tasha ko bakin kasuwa, ya sayi wayar haɗi ta musamman mai ɗan akwatin da ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa. Cikakken batir a hutu yana nuna bolt 12.6, a 12.2 ya kusa rabi, a 11.8 ya kusa ƙarewa. Akwatin yakan zo da zaɓi daga 11.8 zuwa 12.4. A ɗora shi a 12.4, ko 12.2 in batirin sabo ne. Mai babbar mota mai bolt 24 ya tabbata wayar haɗin ta yarda da 24.

Yadda ake haɗin shi ne abin da ya raba gwani da ɗan koyo. Wayar tana da kai uku: ɗaya na wutar da ba ta mutuwa, ɗaya na wutar da ke bin kontak, ɗaya baƙi da ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota, wanda muke ce wa mas. Kada a yarda da launi, don wani kamfanin ja ne na kontak rawaya na batir, wani kuma akasin haka. A karanta 'yar takardar da ke maƙale a jikin kowace waya. Ana buɗe akwatin fiyus, wanda a nan muke kira fizibil, a ƙarƙashin dashbod, a ɗora mita a kan 'yan ƙarafan da ke bayan kowane fiyus, kontak a kashe sannan a kunne, har a gane mai mutuwa da marar mutuwa. Sai a zare wanda aka zaɓa, a soka ɗan mahaɗi mai gurbi biyu a wurinsa, tsohon fiyus a gurbin ƙasa, sabo ƙarami na kyamara a gurbin sama. Girman fiyus ya bambanta daga mota zuwa mota, a je kasuwa da samfur a hannu. A nisanci fiyus ɗin jakar iska, da na birkin ABS, da na kwamfutar inji. Wayar da za ta gangaro daga rufi ta ginshiƙin gefen gilashi kuma a bi da ita ta bayan jakar iskar da ke naɗe a wurin, kada ta gitta gabanta.

Na san wani zai ce wannan duk tsawaita aiki ne, da reza da salatif an gama cikin minti goma, haka aka saba sa rediyo a tsohuwar Fijo 504. Tsohuwar mota kowace fitila da wayarta. Sabuwa kuwa kwamfutoci ne da yawa ke magana da juna ta siraran wayoyi biyu da aka murɗe, tsarin CAN da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Fere irin wannan waya, ko tsikarinta da fitilar gwaji mai ƙwai, yana iya kunna fitilun gargaɗi ko ya ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na kyamara sau da yawa, kuma mai garanti ya ba kamfani hujjar juya masa baya. Salatif ma a zafinmu gam ɗinsa narkewa yake, ya bar tagulla tsirara tana gugar ƙarfe. Mahaɗin fiyus kuwa ana zare shi mota ta koma yadda ta fito.

Wani zai ce wayar hannu ma tana ɗaukar bidiyo. Tana ɗauka idan an tuna an kunna ta, idan kira bai shigo ba, idan zafin gilashi bai kashe ta ba. A watan Fabrairun 2013 duniya ta kalli dutsen da ya faɗo daga sama ya fashe a kan birnin Calyabinsk na Rasha ta kyamarorin motocin mutane masu tafiya aiki da safe. Ba wanda ya san zai faɗo balle ya danna wani abu. Kyamarorin sun tashi ne tare da injin mota. Hatsari ma ba ya sallama. Akwai kuma mai tsoron cewa kyamarar za ta ba da shaida a kansa in shi ne da laifi. Gaskiya ne za ta bayar, kuma ban ga aibu a nan ba, domin mai amalanken da aka buge shi ma yana da haƙƙi, kuma direban da ya san ana ɗaukar tuƙinsa yakan sassauta ƙafa. Abin da nake tsoro daban ne: bidiyon hatsari ya fita daga kati ya shiga WhatsApp da Facebook, iyali su ga gawar ɗansu kafin a zo musu da labari. Wannan cin mutunci ne, kuma Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019 da za ta iya hawa kan mai yaɗawa. Bidiyon na jami'in bincike ne da kamfanin inshora da kotu. Mai ɗaukar fasinja ya kashe makirfon ko ya sanar da su, kuma a shingen jami'an tsaro, in an ce a kashe, a kashe.

Saura agogo. Bidiyon da ke nuna shekarar da ba ita ba, ko ƙarfe uku na dare alhali rana tsaka aka yi karon, ya buɗe wa abokin gardama ƙofa. Mai GPS tana saita kanta in an zaɓa mata lokacin Nijar, awa ɗaya gaba da GMT. Marar shi sai an duba da hannu. Sau ɗaya a wata a buɗe bidiyon jiya a waya a tabbata yana nan da kwanan wata daidai, a wanke katin daga cikin kyamarar, a goge ƙurar hunturu daga gilashin da ke gaban idonta. Ranar da abu ya faru kuma, bayan an duba waɗanda suka ji rauni, a kashe kyamarar a zare katin a sa aljihu, kafin a ja motar ta sake kunnuwa ta fara rubutu a kan tsohon bidiyo.