Darasin Manoma: Karo-karo da Gwamnati Don Tsare Ƙasar Gona

 Darasinmu na wannan wata a kan wani irin taimako ne da Gwamnati kan bayar don gyaran ƙasar gona, inda ita za ta ɗauki wani kashi na kuɗin aikin, manoma kuma su ɗauki sauran. A nan za mu kira shi karo-karo da Gwamnati. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta darasin a gaban kowa, sa'an nan a zauna a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Abin da ke cin ƙasarmu

Gonakinmu iri biyu ne, na tudu da na fadama, kowanne kuwa da tasa cuta. A tudu ƙasar rairayi ce. Da rani iska ta kwashe samanta, da farkon damina kuma ruwa ya sauko da ƙarfi kan ƙasa tsirara, ya wanke taki, ya buɗe kwazazzabo. Rairayin da ya bar tudu ba ɓacewa yake yi ba. Fadama yake gangarawa, ya binne ƙasar shinkafa da albasa da tafarnuwa, ya toshe hanyoyin ban ruwa, ya kwanta a ƙasan madatsa.

An gama gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, tana iya riƙe ruwa wajen mita miliyan 942 mai kusurwa huɗu da zurfi. Duk da girmanta, a watan Satumba na 2010 ambaliya ta fi ƙarfinta, ruwa ya cinye gidaje da gonaki tun daga Goronyo har Wurno da gaba. Wannan ya nuna mana cewa babban gini kaɗai ba ya tsare ƙasa. Dole a tare ruwa tun daga bisa, gona bayan gona. Irin wannan aiki kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2. Mene ne karo-karo da Gwamnati?

Mu bambanta abu uku. Kyauta ita ce a ba ka ba tare da ka kawo kome ba. Rance shi ne a ba ka, ka mayar, sau da yawa da ruwa a kai. Karo-karo kuwa shi ne ka kawo naka kashi, Gwamnati ta cika sauran, ba za ka mayar ba, amma ka ɗauki alkawarin yin aikin da kuma kula da shi.

Me ya sa Gwamnati ke biya? Domin amfanin gyaran ƙasa ba ya tsayawa a gonar mai gyara. Wanda ya tare ruwa a tudu ya taimaki mai gona a fadama, ko da bai san shi ba. Me ya sa kuma ba ta biya duka? Domin abin da mutum ya zuba guminsa a ciki, shi yake tsarewa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A Amurka, cikin shekarun 1930, fari da guguwar ƙura suka kwashe ƙasar gonaki masu yawa, mutane suka yi ƙaura. A 1936 Gwamnatinsu ta fara biyan manoma wani kashi na kuɗin gyaran ƙasa. Shirin da suka kafa a 1996 yana biyan har kashi 75 cikin 100, ga sababbin manoma da marasa ƙarfi kuma har kashi 90. Amma yawanci sai manomi ya gama aikin, malamin gona ya zo ya duba ya amince, sa'an nan a biya shi.

3. Yadda aka yi a shirin Fadama

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne shirin Fadama, wanda Gwamnatin Tarayya ta yi da rancen Bankin Duniya. Zagaye na farko, cikin shekarun 1990, shi ya yawaita ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa a fadamun Arewa. Zagaye na uku, wanda aka amince da shi a 2008, ya shafi dukan jihohi 36 da Abuja, har da Jihar Sakkwato, da rance na dala miliyan 250.

Ba a ba mutum ɗaya ɗaya. Sai an kafa ƙungiya, ta manoma, ko ta makiyaya, ko ta masunta, ko ta mata. Ƙungiyoyin gari ɗaya su haɗu, su rubuta abin da suke bukata a takarda guda, kowa ya yarda. Ma'aunin karo-karon kuwa ga shi. A kayan aiki na ƙungiya, kamar injin ban ruwa, shirin ya biya kashi 70, ƙungiya 30. A aikin da dukan gari zai mora, kamar kwalbati ko hanya, shirin ya biya kashi 90, jama'a 10, ana kuma karɓar nasu da aikin hannu ko kayan gini. A iri da takin zamani, rabi da rabi. Ban da haka an bukaci ƙungiya ta riƙa ajiye kashi 10 na kuɗin kayan kowace shekara, domin gyara da sayen sabo in na farko ya tsufa.

Wannan zagaye ya ƙare. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da wani shiri mai suna ACReSAL, na dala miliyan 700, domin jihohi 19 na Arewa da Abuja, da nufin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya na ƙasar da ta lalace. Sunayen shirye-shirye na canzawa, kowanne kuma da nasa ma'auni. Amma abin da suke nema daga gare mu ba ya canzawa: ƙungiya mai rajista, littafin kuɗi mai tsabta, da kashinmu a hannu.

4. Mu yi lissafi

Ubangijinmu Yesu ya koya mana, a Luka sura 14, cewa mai niyyar gina hasumiya yakan fara zaunawa ya ƙididdige abin da za ta ci. To, mu ƙididdige. Adadin da ke ƙasa misali ne kawai, ku sa farashin kasuwarku a madadinsa.

A ce inji da rijiya sun kama N300,000, ma'auni kuwa 70 da 30. Shirin zai biya N210,000, mu N90,000. In mu 15 ne, kowa N6,000. Ajiyar shekara kuma N30,000, wato kowa N2,000. Mai da kuɗin makaniki duk namu ne.

A ce kuma gyaran kwazazzabon da ke cin gonaki da hanyar gari ya kama N2,000,000, ma'auni 90 da 10. Namu N200,000. In an ƙimanta aikin yini ɗaya N2,000, ana bukatar yini 100, wato mutum 20 su yi kwana 5 suna tara duwatsu da yashi. Wannan gayya ce, abin da kakanninmu suka saba. Sai dai a yi ta da rani, kafin shuka ta kama kowa.

Ku lura da wannan: ƙungiyar da ta ci bashi domin ta biya kashinta ta mai da karo-karo rance. In damina ta ƙi, bashin na nan. Ya fi kyau a fara tara kashin tun da kaka, kwano ɗaya ko biyu daga kowane buhu, kafin a ji labarin wani shiri.

5. Darasi daga Maradi

Maƙwabtanmu na Maradi, a Jamhuriyar Nijar, sun ga abin da ke faruwa in an biya mutum ya yi aikin da bai yarda da shi ba. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. In aka bar rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, aka sassabe sauran, itace zai tashi da sauri fiye da dashe. Lokacin yunwar 1984 aka riƙa ba mutane hatsi a kan su bar itatuwa a gonakinsu, suka bari. Da rabon hatsi ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku.

Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani. Iska ta daina binne shuka, suka sami itacen girki da ganyen dabbobi. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba wanda ya biya su. Can suna kiransa sassaben zamani, ya kuma bazu a kan hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Hatsin ya buɗe ƙofa ne kawai. Abin da ya dawwama shi ne abin da manomi ya ɗauka nasa.

Saboda haka ga ma'aunin da za mu auna kowane aiki da shi: da ba a biya mu ba, za mu so mu yi shi? In amsar a'a ce, kada mu nemi kuɗinsa.

6. Ayyukan da suka dace da ƙasarmu

A tudu: a bar gawo, sabara da kalgo su tashi a gona. Gawo na kakkaɓe ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙarƙashinsa kuma ƙasa ta fi ƙarfi. A yi kunya a gicciye da gangare, kada ta bi shi. A jera duwatsu inda ruwa ke gudu. A faƙo, inda ba abin da ke fita, a haƙa tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba taki a ciki, ko ramin rabin wata mai fuskantar inda ruwa ke fitowa, kamar yadda manoman Tawa ke yi. Waɗannan ba su bukatar kuɗi mai yawa. Mu fara su da kanmu, domin su ne shaidarmu ran da malaman shiri suka zo dubawa.

A fadama: yashe hanyoyin ruwa, gyaran ganuwarsu, dasa jema ko gamba a bakin gaɓa, da shingen dogon yaro ko bagaruwa ta gefen da iska ke bugowa. A nan ne ake bukatar siminti, waya da ma'auni, a nan ne kashin Gwamnati ya fi amfani.

Ga makiyaya: kada aikinmu ya toshe burtali ko mashaya. Dashen da aka yi ba da sanin masu dabbobi ba, abincin awaki ne. Mu kira su tun farko, mu ji abin da su ma suke bukata.

7. Kafin mu sa hannu

Na ɗaya, mu zaɓi aikin da kanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ji ta bakin mata ma, domin su suka san nisan itace da ruwa.

Na biyu, mu tabbatar da mai ƙasa. Da yawa daga cikinmu gonar aro ko ta haya muke nomawa. Dasa itace a gonar wani ba da izininsa ba na kawo shari'a. A nemi yardarsa a gaban mai gari, a rubuta wanda zai ci amfanin itacen.

Na uku, mu haɗa kai da maƙwabta. Ruwa ba ya tambayar addinin mai gona. Kwazazzabon da ya taso daga gonar Musulmi gonar Kirista zai faɗa, haka kuma akasi. Mu je wurin mai gari da hakimi tare.

Na huɗu, mu je ofishin gona na ƙaramar hukuma da ƙafarmu, mutum biyu ko uku. Mu tambaya: kashi nawa ne namu? Ana karɓar aikin hannu? Yaushe ake biya, kafin aiki ko bayansa? Shekara nawa za mu kula da shi? Kada mu ba ɗan tsakani kuɗi, kowane kwabo kuma da rasit.

Na biyar, mu tsare gaskiya. Kada a rubuta sunan wanda ba ya nan, kada a ƙara farashi a takarda domin kashinmu ya fito daga na Gwamnati, kada a sayar da inji a raba kuɗin. Ƙungiyarmu sunan ikilisiya take ɗauke da shi. Ma'aji ya karanta lissafi a kowane taro, kuɗi kuma kada ya fita sai da sa hannun mutum uku.

Na shida, saboda halin rashin tsaro a wasu dazuzzukanmu, mu fara da wurin da idonmu ke kai kullum. Aikin da ba za mu iya ziyarta ba, ba za mu iya kula da shi ba.

A gida ku karanta Nehemiya sura 2 da 3. Sarki Artashate ya ba Nehemiya takardun izini da katako daga kurmin sarki, amma bai aiko da magina ba. Mutanen ƙasar ne suka ɗauki duwatsu, waɗansu kowa yana gyara wurin da ke daura da gidansa, suka gama garun cikin kwana 52. Tun a Farawa sura 2 Allah ya ɗora wa mutum noman gona da kuma kiyaye ta. Gwamnati na iya kawo katako, amma amanar a wuyanmu take.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ina ruwa ko iska suka fi yi wa gonakinmu ɓarna? Gonar wa ke bisa, ta wa ke ƙasa?
2. Wane aiki za mu iya farawa a wannan rani ba tare da kuɗin kowa ba?
3. Nawa ne a asusunmu yau? In aka ce mu kawo kashi 30 na N300,000 cikin wata ɗaya, za mu iya ba tare da bashi ba?
4. Wa za mu aika wurin mai gari, wa kuma wurin makiyaya?

A rufe taro da addu'a domin shugabanni, da malaman gona, da zaman lafiyar ƙasarmu. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku. Amin.